Shekarar da Muryar Malam ta Ɗauke

Na san abin da kuke ji a gidajen biki. Na san har yau akwai waɗanda in an ambaci sunana a Hunkuyi sai su ce, ai Habibu ke nan, wanda ya sayar wa Turawa muryar ubansa. Ke Rabi kin taɓa dawowa daga gidan suna idonki jawur kika ƙi gaya mini dalili, kai kuma Aminu saura kaɗan ka ba hammata iska a tasha a kan wannan magana. To, ga shi na zauna zan rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfin ido. Ban sayar da komai ba, ko sisi bai shiga aljihuna ba. Amma kada ku yi saurin murna, domin laifin da na yi ya fi wanda ake faɗa a gari nauyi, kuma mutum huɗu kaɗai suka san shi.

Kakanku, wanda kowa ke kira Malam, ba ku same shi ba. A zauren gidanmu yake karantarwa, fiƙihu da safe, tafsiri da azumi. Murya gare shi mai kauri, ba ya ɗaga ta, amma in yana karatu har matan cikin gida sukan dakatar da daka. A shekarunsa na ƙarshe wani ɗalibinsa mai fataucin barkono ya kawo rikoda yana ɗaukar karatun, kuma da Malam ya rasu sai ya kawo mana kaset ɗin gaba ɗaya, guda sittin da uku. Inna, kakarku, ta zuba su a akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gadonta. Yaya Lawal, wanda shi ne ɗan fari, ya hau buzun Malam ya ci gaba da karantarwa. Ni kuwa ni ne ɗan bokon gidan, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Makarfi, kuma ina dab da shekara hamsin aka kawo mana kwamfuta. Na koye ta da kaina, ina danne-danne ina ɓatawa ina gyarawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. A duk zuriyarmu babu wanda ya san abin da nake yi, saboda haka babu mai ce mini na yi kuskure.

Kaset kuwa ba ya son damina. Wasu suka fara fumfuna, rikoda ta tauna biyu sai da na lallaɓa su da biro na naɗe. Sai na ce zan kwashe karatun duka in sa a intanet. Hutu biyu na makaranta na cinye a kan aikin. Akwai wata manhaja da na samu wadda ke ɗaukar sauti ta ƙulle shi a cikin fayil guda tare da maɓallansa, kore na kunnawa, ja na tsayarwa, abin gwanin kyau. Sharaɗinta ɗaya ne: sai burauzarka, wato abin da kuke buɗe shafukan intanet da shi, tana da wani ɗan ƙari na wani kamfani kafin sautin ya fito. A lokacin duk duniya da wannan ƙarin ake sauraro da kallo, wa zai kawo a ransa cewa zai gushe? Na buɗe shafi, na jera karatun daga na ɗaya zuwa na sittin da uku. Sautin asali da na kwafo daga kaset kuwa ya cika mini kwamfuta, sai na goge shi, a ganina ya gama aikinsa.

Kun san a gidanmu ba a jefar da abin da ke ɗauke da aya a bola. Tsohon allo da takardar da ta yage akwai wurin da ake binne su a bayan masallaci. Da kaset ɗin suka ƙara lalacewa, Yaya ya kira ni zaure ya tambaye ni ko karatun na nan a inda na sa shi. Sau uku ya tambaya, kamar mai ɗaura aure.

"Habibu, ka tabbata? In muka binne, mun binne fa."

"Yaya, ko gidan nan ya ƙone, Allah ya kiyaye, karatun Malam na nan. Abin da ya shiga intanet ba ya fita."

Haka na faɗa, da wannan bakin nawa, ina wani gyara zaman hula. Washegari bayan la'asar aka haƙa rami aka zuba su. Inna dai ta hana a ɗauki akwatin, ta mayar da shi ƙarƙashin gado ba komai a ciki.

Da na yi ritaya na dawo gida, sai ya zama mini al'ada kowace safiya in Inna ta sha kunu in ɗauki kwamfutar in kai ɗakinta. Idonta ya riga ya yi rauni, ba ta fita ko'ina. Sai ta jingina da bango ta ce in kunna mata Malam. Takan saurari na fiƙihu, takan saurari na tafsiri, amma wanda ba ta gajiya da shi shi ne na sittin da uku, rufe tafsirin azumin da Malam ya yi na ƙarshe. A cikinsa ya yi doguwar addu'a, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da suna, kowa da abin da ya roƙa masa. Kusan kullum da shi muke rufewa. In ya zo kan sunan Yaya sai ta sunkuyar da kai, domin Inna mutuniyar da ce, tunda ta haifi Yaya Lawal ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Mai zaure take ce masa, ko ta ce wancan.

Yanzu ga inda na fara cutar kaina. Shekaru kafin abin ya faru, duk lokacin da na buɗe shafin sai wani ɗan saƙo ya fito a sama, yana cewa za a daina amfani da wannan ƙarin. Ni kuwa sai in danna in kawar da shi kamar mai korar ƙuda. Har wani taron malamai na je a Zariya, na ji ana cewa masu tsara ƙa'idojin intanet sun yi matsaya a kan sabuwar hanya, wadda burauza za ta riƙa kunna sauti da bidiyo da kanta ba sai da ƙarin kowa ba, kuma hanyar ba mallakar wani kamfani ba ce. Na ce a raina yayi ne na samari, zai wuce. Ni da na yi hutu biyu ina wahala, a ce in sake daga farko? Oho, na ce, su suka jiyo.

Ranar da abin ya zo, lokacin sanyi ne, ana ta matsar rake, ƙamshin mazarƙwaila ya cika unguwa. Na shiga ɗakin Inna kamar kullum, na buɗe shafi, sai na ga babu kore babu ja. Inda maɓallan suke sai wani fili mai toka-toka. Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na gwada na ɗaya, na gwada na talatin, na gwada na sittin da uku, duka shiru. Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina ta tambaya ko lafiya. Na ce mata sabis ne babu, zuwa gobe zai dawo. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ta zo mini da sauƙin da har yau yake ba ni tsoro.

Da hankali ya ishe ni, da a ranar na nemi wanda ya fi ni sani. Amma wa zan gaya wa? Ni ne fa gwanin kwamfuta na gidan Malam. Sai na shige ɗaki na shiga lalube a intanet, na samo wata manhaja ta kyauta da aka ce tana fitar da sauti daga irin wannan fayil. Da wanne zan fara in ba wanda Inna ta fi so ba? Na sauko da na sittin da uku, na zuba shi a ciki, ta ba ni sabon fayil. Na danna, sai ga muryar Malam, yana bisimilla, yana salati. Wallahi sai da na yi hamdala a fili. Ana kiran azahar, ina sauri, ban tsaya na ji ƙarshensa ba. Na ɗora sabon a shafi a madadin tsohon, tsohon ya goge, na kuma share wanda ke cikin kwamfuta don kada su rikice mini. Da na dawo daga masallaci na zauna in saurara a natse. Malam ya yi salati, ya ce, "To, jama'a, mu ɗaga hannu," sai tsit. Ashe ta kyautar minti ɗaya kawai take juyawa, sauran sai ka saya. Karatun da ya kusa awa guda ya koma minti ɗaya, kuma babu wani kwafinsa a bayan ƙasa, na ƙarƙashin ƙasa kuwa ya yi shekaru a rami.

Mako biyar na yi ina ɗauke da wannan abu ni kaɗai. Kullum da safe in shiga gaida Inna ta tambaya ko sabis ya dawo, in ce tukuna. Wata rana na ce turken sabis ɗin ne ya lalace, wata rana na ce ana gyara daga Kaduna. Abinci ya daina shiga, na koma shan maganin hawan jini sau biyu a rana. Ko a sahun salla nake sai in ji zuciyata na ƙirga saura sittin da biyu, tana tambayata ko su ma sun tafi. In na hango Yaya daga nesa sai in canja hanya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafafun Inna da suka fara kumbura a wannan lokacin, har mai duba ta ya ce a riƙa lura da ita sosai. Na riƙa tunanin za ta tafi tana jiran sabis, ni kuma in rayu da sanin cewa ni na raba ta da muryar mijinta sau biyu, ranar rami da ranar nan. Tsoro nake ji, tsoro irin na yaron da ya fasa tulu, ni da furfura ta cika mini gemu.

Mahaifiyarku ce ta fasa ƙwan. Ta ajiye mini tuwo na ture, sai ta zauna ta ce ita ba ta san kwamfuta ba amma ta san mijinta, kuma wannan ramar ba ta sabis ba ce. Na gaya mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne girman kai ya ci kaset ɗaya, kada in bari ya cinye sauran. Ita ta tuna mini da Bilkisu.

Bilkisu ɗalibata ce a Makarfi tun tana 'yar aji uku. A lokacin da nake ba ku labari ta haura arba'in, tana aure a Ikara da 'ya'yanta huɗu, kuma gina shafukan intanet ne sana'arta, daga ɗakinta take yi wa mutanen Zariya da Kaduna aiki. Na hau mota na tafi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta kawo fura, tana ta Malam kaza Malam kaza, ni kuwa kunya kamar in nutse. Da na gama bayani, tambayarta ta farko ita ce ko na taɓa wani daga cikin fayilolin. Na ce ɗaya. Ta tambayi yaushe. Na ce mako biyar ke nan. Sai ta ce:

"Malam, masu ajiye maka shafin suna riƙe tsohon kwafi na mako biyu. Da ka zo a makon farko, da mun dawo da shi."

Ban san lokacin da na ce innalillahi ba. Ashe ba manhajar ce kaɗai ta ci na sittin da uku ba, kunyata ce ta ƙarasa shi. Bilkisu ta rubuta musu duk da haka, suka amsa cewa babu.

Kafin ta taɓa komai sai da ta kwafi sittin da biyun a wuri uku. Sannan ta gwada buɗe su da kayan aikin da ta saba da su, suka ƙi. Manhajar da na yi amfani da ita tun farko ta yi wa sautin wani irin ƙulli nata na daban, kamfanin da ya yi ta kuma ya daɗe da rufewa. Ta ce mini sautin na ciki, bai mutu ba, mabuɗin ne babu. Amma akwai wani zaure a intanet inda masu irin sana'arta daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa, su ne masu rubuta kayan aikin sauti da bidiyo na kyauta, masu kuma jayayya a kan ƙa'idojin da kowace burauza za ta bi. Ba kamfani ba ne, ba mai biyan su, kowa da aikinsa na cin abinci. In an ba su fayil ɗaya su duba cikinsa, mai yiwuwa su gano ƙullin. Na ce karatun ba nawa ba ne ni kaɗai, sai na tambayi Yaya.

Ranar da na durƙusa a zaure na gaya wa Yaya cewa karatun Malam ya kulle, ban gaya masa zancen na sittin da uku ba, ƙarfin halina bai kai nan ba. Ya daɗe yana jan carbi. Bai tuna mini da maganar gidan da zai ƙone ba, kuma da ya tuna mini da ya fi mini sauƙi. Da na zo kan batun aika fayil, sai ya ɗaga kai.

"Su wane ne? Ka san su? Wa ya karantar da su?"

Na ce ban san su ba, wasunsu ma ba Musulmi ba ne.

"To mutumin da ba ka san shi ba zai feɗe karatun Malam, ya shiga cikinsa da hannunsa. In ya rage kalma ko ya ƙara, wa zai tsaya mini shaida? Gobe a ce Malam ya faɗi abin da bai faɗa ba. Gara ya yi shiru da a yi masa ƙarya. Ban yarda ba."

Ina so ku fahimci wani abu, don kada ku tashi da ƙullin baffanku a zuciya. Yaya bai yi maganar banza ba. Duk ilmin gidanmu a kan wa ya karɓa daga wa yake, kuma ni ne na riga na nuna masa cewa tabbacina ba abin dogaro ba ne. Na yi ƙoƙarin gaya masa abin da Bilkisu ta gaya mini, cewa aikin mutanen nan a buɗe yake, duk abin da ɗaya ya rubuta sai sauran sun bi shi layi-layi, kamar yadda alaramma ke rubuta Alƙur'ani ya kai wa 'yan'uwansa su duba masa. Ya ce alarammomin ya san iyayensu. Ya tashi ya shiga gida.

Kwana uku ina juya maganar. A rana ta uku na shiga gaida Inna na tarar ba ta iya tashi zaune ba sai da aka tallafe ta. Ba ta ma tambayi sabis ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar ciwo. Daga ɗakinta na fito na kira Bilkisu a waya na ce ta aika. Na zaɓi na goma sha ɗaya, karatun hukuncin ruwan alwala. Na san na saɓa wa yayana, magajin mahaifina, kuma na san abin da zai biyo baya. Ba wanda ya tilasta ni, ni na yanke.

Kwana tara suka yi a kai. Kullum in hau mota in tafi Ikara, in zauna a kan kujerar roba Bilkisu na karanta mini abin da suka rubuto tana mayar mini da shi Hausa. Ban taɓa ganin irin mutanen nan ba. Wani ya fara da yi mini wankin babban bargo a kan goge sautin asali, na ce a gaya masa ya yi gaskiya. Biyu suka kama musu a kan wace irin ajiya ce za ta fi daɗewa, har sai da wata mata, wadda da alama babba ce a cikinsu, ta ce su bari a fitar da sautin tukuna. Wani ya ce ya gano, aka gwada, sai ƙara kamar ana soya ƙosai. A kwana na bakwai har na fidda rai, na ce wa Bilkisu na saɓa wa Yaya a banza. A na tara wani bawan Allah, wanda da rana yake barci saboda nisan ƙasarsu da tamu, ya turo gyara na 'yan layuka, wasu uku suka duba suka ce daidai ne. Bilkisu ta danna. Sai ga Malam yana bayanin ruwan rijiya da ruwan kududdufi, zakara na cara a bayansa. Mutumin ya tambaya ko a cire kukan zakaran, ya iya. Na ce a'a, zakaran gidanmu ne, a bar shi.

Sauran sittin da ɗayan Bilkisu ce ta buɗe su da hannunta a Ikara, ba wanda ya fita waje. Ta sake gina shafin bisa sabuwar ƙa'ida, kowane karatu da ɗan layi guda, ba kore ba ja, amma yana buɗewa a kowace waya. Gyaran nan kuma mutanen intanet ɗin suka bar shi a fili don duk wanda irin masifata ta same shi. Ba su nemi komai ba. Ni kuma na zauna na saurari sittin da biyun daga farko har ƙarshe, kwana goma sha shida, saboda maganar Yaya ta zauna mini a rai. Ban ji an rage ko an ƙara ba.

Kafin in gama, labari ya kai zauren Yaya. Da na je karatun safe na tarar an naɗe tabarmar da nake zama a kanta a hannun daman Yaya an jingine ta da bango. Na yi sallama ya amsa, bai ƙara ko harafi ba. Daga bakin wasu ɗalibansa ne zancen sayarwa ya fita, ba daga bakinsa ba, wannan ku riƙe shi da kyau.

Ranar da na kai wa Inna, a wayata na kunna mata. Da ta ji muryar sai ta lalubo wayar ta riƙe da hannu biyu, hawaye na bin kuncinta. Muka ji na ɗaya har ya ƙare. Ina ta addu'a a zuci Allah ya sa ta gaji ta yi barci. Sai ta ce in sa mata na addu'a. Na danna. Malam ya yi bisimilla, ya yi salati, ya ce mu ɗaga hannu, Inna ta ɗaga nata, sai tsit. Ta jira. Ni kuwa na durƙusa a gaban gadon na gaya mata duka, tun daga saƙon da nake korewa har zuwa azahar ɗin nan, da ƙaryar sabis. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

"Dama na san ba sabis ba ne," in ji ta. "Yaran gidan nan kullum suna kallo a waya a ƙofar ɗakina. Nasu sabis ɗin daban ne?"

Ta ce in sake kunnawa. Na kunna. Da Malam ya ce mu ɗaga hannu ya yi shiru, sai kawai Inna ta ɗora daga inda ya tsaya. Da muryarta 'yar siririya ta kama addu'ar, kalma bayan kalma, har inda yakan tsaya ya yi gyaran murya ita ma sai ta tsaya. Ashe duk shekarun nan da take jingine da bango haddacewa take yi. Na yi maza na danna wajen ɗaukar sauti na ajiye wayar a kan cinyarta. Ta yi wa Musulmi addu'a, ta yi wa malaman Malam, ta yi wa gari da damina. Sai ta iso kan 'ya'ya, kuma na san wanda ke farko. Ta yi jim. Na ɗauka za ta ce mai zaure, ko ta tsallake. Sai na ji ta ce:

"Allah ga Lawal. Allah ka ba shi haƙuri da 'yan'uwansa, ka sa ya riƙe su bayan raina."

Shekara sittin da wani abu, ranar ce kaɗai sunan ya fita daga bakinta. Daga bayana, wajen labule, na ji an ce amin ƙasa-ƙasa. Yaya ne, ya zo gaisuwar safe, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba, sai da ta kai kaina, ta ce Allah ga Habibu, Allah ka sa bokonsa ya amfane shi kada ya ruɗe shi. Nan ma ya ce amin, da ɗan ƙarfi fiye da na farko.

Inna ta rasu da damina ta kama. Tabarmata ta yi shekara biyu a jingine kafin wata safiya in tarar an shimfiɗa ta, kuma har Yaya ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da maganar ba. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ba. Karatun yanzu yana wuri uku, nan da Ikara da wajen iyalan Yaya, kuma na ɗora muku nauyin ku buɗe shi duk azumi ku tabbata yana magana. In kun ga wani ɗan saƙo ya fito a sama, don Allah ku karanta shi, ku nemi wanda ya fi ku sani a ranar, ba bayan mako biyar ba.

In kun kai na sittin da uku, za ku ji namiji ya yi minti ɗaya, sannan tsohuwa ta karɓa. Bilkisu ta ce za ta iya goge 'yar tazarar da ke tsakaninsu, na hana ta. Wannan shirun nawa ne, ni na yi shi. Ku saurare shi, sannan ku ɗaga hannu, kakarku za ta ƙarasa.